Hedifon Mai Jijjiga da Kunnen Baba

Asabar, 4 ga Mayu

Ya iso. Hedifon ɗin gem da na daɗe ina leƙen hotonsa a waya kamar mai neman aure. Baƙi ne, ba igiya, ga laushi a wajen kunne, ga ɗan makirfo da ake lanƙwasowa gaban baki. Amma ba don waɗannan na saya ba, don jijjigar ce. A cikin kowane ɓangare akwai wani ɗan abu da ke motsawa idan sauti mai nauyi ya zo, sai ka ji shi a ƙashin kanka, ba a kunne kaɗai ba.

Na gwada shi da gem ɗin yaƙin da muke yi da su Dogo ta intanet. Bam ya tashi a bayana ta hagu, wallahi sai da na sunkuya a kan kujera. Malama tana gefe tana duba takardun ɗalibanta, ta ɗago ta ce, "Lafiya?" Na ce harbi ake yi. Ta ce to Allah ya kare, in an gama yaƙin a zo a kwashe kwanukan nan. In ka auri malamar firamare, har a gidanka ɗan aji uku ne kai.

Na kwashe kwanukan da shi a kaina, na je har kicin na dawo, sauti bai yanke ba. Tsohon hedifon nawa mai igiya, kofin shayi nawa ya jawo min ƙasa.

Litinin, 6 ga Mayu

Gaskiya dai yana da nauyi. In ka jima da shi sai wuya ta fara ƙorafi, kunnuwa kuma su jiƙe da gumi. Idan na kai jijjigar ƙarshe har gilashina rawa yake yi a kan hanci. Na mayar da ita tsakiya.

Duk da haka ban taɓa jin takun abokin gaba kamar yau ba. Kafin ya ɓullo na san ta inda zai zo. Dogo ya ce muryata ta fita fes, yau ne ya gane ashe duk shekarun nan umarni nake ba shi, shi ya ɗauka tari nake yi.

Laraba, 8 ga Mayu

Baba ya gan ni da shi. Ya tsaya a bakin ƙofar falo yana kallona ina kauce wa harsashin da babu, sannan ya ce, "Auta, da gemunka da komai?" Na tabbata har masu shagon ƙasa sun ji.

Haka muryarsa ta koma. Rabin rayuwarsa a kan injin tirela ya yi ta, injin kuma ya tafi da kunnuwan. Tunda Mama ta rasu ya dawo wurinmu abin yake ƙaruwa. Ba ya jin kansa, don haka ko gishiri zai nema sai ka ce wani yake kira a tsallaken titi. Na'urar ƙara ji da Yaya ta saya masa tana cikin durowa, ya ce kuka take masa kamar sauro. In na rubuta masa magana a takarda sai ya ture, wai shi ba kurma ba ne, mu ne ba ma buɗe baki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ɗaga masa murya. Ko "ina kwana" zan ce sai na ji kamar rashin kunya nake yi masa. Shi ya sa hirarmu ta ragu, daga gaisuwa sai "ka ci abinci?"

Lahadi, 12 ga Mayu

Zan rubuta a nan tunda ba inda zan faɗa. Malama tana da ciki.

Mun yi shawara ba wanda zai ji sai likita ya ce ya zauna da kyau. Har Baba. Musamman ma Baba. Bara da muka gaya masa, murna ta sa ya tsaya a matattakala ya yi wa maigadi albishir, kafin la'asar duk benen nan ya sani. Da cikin ya zube, Malama ta yi makonni tana amsa "sannu, ya jiki, Allah ya mayar da alheri" a kowane hawa, daga ƙasa har ƙofarmu. Wata rana ta dawo daga makaranta ta zauna a bayan ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta kasa tashi. Ba ta taɓa ganin laifinsa ba, ta san ƙauna ce. Amma ta ce min ba za ta iya sake hawa matattakalar nan haka ba.

Yanzu in muna maganar ya shigo sai mu yi shiru. Wauta ce ma, tunda ba ji zai yi ba, amma baki da kansa yake rufewa.

Talata, 14 ga Mayu

Caji ya ƙare ana tsakiyar wasa, saura ni kaɗai a ƙungiyarmu. Jijjigar nan shan batir take yi ba kaɗan ba, abin da aka rubuta a kwali kuwa sai dai in a kashe take. Dogo bai yafe min ba har yanzu.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na dawo daga shagon ɗab'i da wuri, injin buga manyan hotunan talla ya lalace. Ban ji sha'awar yaƙi ba, sai na buɗe wani gem na tuƙin manyan motoci da na daɗe ban taɓa ba. Baba ya zo wucewa, ya ga sitiyari a allo, ya ja ya tsaya. Ya kalli yadda nake shiga kwana ya ce da yaron motarsa ne ni da tuni ya sauke ni a hanya.

Ban san abin da ya shiga kaina ba, na cire hedifon na ɗora masa. Ya kai hannu zai tuge, ni kuma na riga na kai jijjigar ƙarshe na tayar da motar.

Hannun ya tsaya a sama. Na ga ƙafarsa ta dama tana laluben totur a kan tabarma. Na ba ta wuta kaɗan, injin ya yi gurnani, sai ya runtse ido ya ce, "Dizal." Kamar wanda ya gamu da tsohon aboki a kasuwa.

Na tashi na ba shi kujerar. Shayina ya huce a kan tebur, ban ko tuna da shi ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Baba ya koyi rimot ɗin gem ɗin cikin sauri, sai mita yake yi wai mota ba kuloci ba mota ba ce. Abin da ya ba ni mamaki, ba ya kallon agogon da ke nuna lokacin canza giya. Jira yake jijjigar ta kai wani wuri a kansa, sai ya canza. Ya ce haka suke yi a da, ba da ido ba, ba ma da kunne ba, da jiki ake jin inji, ta kujera da sitiyari. A nan an ɗauke kujerar an ɗora masa a ka, amma ba laifi, wanda ya ƙera abin nan ya taɓa zama kusa da mota.

Ya kama su da kuskure ɗaya. Wai in mota ta ɗauko kaya tana hawan tudu ba haka take rawa ba, wannan rawar motar da ba kaya ce. Ya ce in gaya musu. Na ce to.

Matsalar ita ce da hedifon a kansa muryar ninkuwa take yi. Yana yi wa wata ƙaramar mota faɗa a allo, maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko lafiya.

Rabon da in ga haƙoran Baba a waje haka, tun Mama na da rai.

Talata, 21 ga Mayu

Na yi dabara, ba ta ci ba. Na haɗa hedifon da wayarsa, na shiga ɗaki na kira shi, ko zai ji ni ba sai na yi ihu ba. Ya ce yana jin ana buga masa kai, amma kalma ko ɗaya ba ta fita. Abin nan bai san bambancin bam da muryar namiji ba, duk abin da ya yi kauri jijjiga shi yake yi. Na ji haushi fiye da yadda ya kamata.

Alhamis, 23 ga Mayu

Yaya ta kira ni ina wurin aiki. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Auta, me kuka yi wa Baba?"

Ashe saƙon murya ya tura mata jiya da ba ma nan. Ya ce ta zo ta ɗauke shi ranar Asabar ta farkon wata. Wai ya lura in ya shigo muna yin shiru muna kallon juna, ya ga katin asibiti a kan firij an yi saurin ɗaukewa, ya ga Malama ta daina zama cin abinci tare da shi. Ya gane ya zama kaya, kuma shi direba ne, ya san lokacin da mota take neman a rage mata lodi. Gara ya tafi da ƙafarsa kafin a nema masa wani wuri.

Malama ba ta zama ne don warin miya yana tayar mata da zuciya. Katin kuma nata ne. Ban iya gaya wa Yaya ko ɗaya ba, na ce zan kira ta.

Gidan Yaya ɗaki biyu ne da yara biyar, a hawa na huɗu. Gwiwar Baba ba za ta kai shi ƙasa ba, in ya hau ya hau ke nan. Kuma ni ba na so ya tafi. Na rubuta, ba na so.

Da na dawo na leƙa ɗakinsa. Tsohuwar jakarsa ta tafiya tana kan gado, a buɗe.

Lahadi, 26 ga Mayu

Na ce wa Malama mu gaya masa kawai. Ta ce, "In ka ce a faɗa, a faɗa. Mahaifinka ne." Ta faɗa tana kallon ƙofa, ni kuma na san matattakalar da ke bayan ƙofar take gani. Na ce a bari. Ta yi kuka, ta ce ita ma ba ta so ya tafi, shi ne fa yake ɓare mata lemo ya ajiye a faranti ko ba ta tambaya ba. Muka zauna kowa da gaskiyarsa, ba wanda ya ji daɗi.

Da yamma na je na durƙusa a gabansa, na ɗaga murya yadda na tsana, na ce, "Baba, ba ma so ka tafi." Ya ci gaba da naɗe rigunansa. Na maimaita. Ya ce, "Ai ni kurma ne, Auta. Me zan ji?"

Mutumin da bai taɓa yarda da kalmar nan ba. Da ma zagina ya yi.

Litinin, 27 ga Mayu

Fushi bai hana Baba tuƙi ba. Ya ce yana da kayan da zai kai kafin Asabar.

Ina gyara masa zaman hedifon yatsana ya danna wani ɗan maɓalli a bayan kunnen hagu, ban ma san da shi ba. Baba ya buɗe baki zai yi wa wata bas faɗa, ya fara, sai ya zabura ya dafe kai. Ya sake gwadawa, ya sake zabura. A karo na uku ya yi maganar a hankali, da muryar da na sani ina yaro, wadda yake ba mu labarin hanya da ita in ya dawo daga tafiya.

Na duba takardar cikin kwali. Maɓallin yana mayar wa mutum da muryarsa ta makirfo, don masu gem su daina ihu. A wurin Baba kuwa, in ya ɗaga murya hedifon ne yake girgiza masa kai, in ya sassauta ya lafa. Abin da ya ba ni haushi ranar Talata, rashin bambance murya da bam, shi ne ya yi wannan aikin.

Ya ce, ƙasa ƙasa, "Haka nake yi muku kullum?" Na girgiza kai. Ya ce ƙarya nake yi.

Malama tana bakin kicin da ludayi a hannu, tana saurare.

Laraba, 29 ga Mayu

An yi wa Malama sikanin a asibiti. Likita ta ce komai yana inda ya kamata, amma a ci gaba da lallaɓawa. Ta kunna mana bugun zuciyar. Sauri yake yi, fat fat fat, da wani shuu a bayansa. Ni dai na riƙe ƙarfen gado. Malama ta nemi izini ta ɗauka a wayarta.

A hanyar dawowa ta ce, "Wannan abin naka, zai jijjiga da wannan?" Na ce ban sani ba, amma sauti ne mai kauri. Ta ce, "To a sa wa Baba. Amma a danna maɓallin nan tukuna." Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ba ta tabbata ba, a dai sa masa.

Muka iso da zumuɗinmu, muka tarar Baba ya wuni yana jigilar katako a gem, batir ya mutu murus. Igiyar cajin kuma guntuwa ce, ba ta kai daga soket zuwa kan mutum ba. Wanda ya yanke tsawon igiyar nan, Allah ya shirye shi. Sai gobe.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na tafi aiki da hedifon a jakata don kada ya shanye cajin. Da na dawo Baba ya tare ni da fuska a ɗaure, wai an hana shi mota tun bai bar gidan ba.

Na zaunar da shi a kujerar, na ɗora masa, na danna maɓallin, na kai jijjigar ƙarshe. Haɗa shi da wayar Malama ya ba ni wahala, sai da na kashe na kunna. Baba yana ta nuna min allo, wai ban kunna ba. Malama ta zo ta durƙusa a gefensa, ta danna.

Ya ɗaure gira. Ya runtse ido yadda ya yi ranar farko. Yatsunsa suka fara bin bugun a kan gwiwa. Ya ce, "Wannan ba dizal ba ne. Ƙaramin inji ne. Sauri yake yi, amma ba ya tsallake ko ɗaya." Ya ƙara saurarawa. "Wace mota ce wannan, Auta?"

Ya buɗe ido, allo baƙi. Ya kalle ni, ya kalli Malama. Ita kuma kanta a ƙasa, ta ɗora hannu a kan cikinta.

Na ga ƙirjinsa ya cika. Na san wannan numfashin, shi ne na matattakala. Harafin farko ya fito da ƙarfinsa, hedifon ya girgiza shi, ya haɗiye sauran. Ya zauna yana kallon ƙofa, ya jima, ina ganin lissafin yana haɗuwa a fuskarsa: shirun da muke yi, katin, bara. Ba wanda ya yi masa bayani.

Sannan ya juyo wurin Malama, da murya wadda ko ni da ke tsaye sai da na matso, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri da na bara." Ta girgiza kai tana hawaye. Ya ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau. A sake sa min."

An sake sa masa har wayar ta yi zafi.

Asabar, 1 ga Yuni

Yaya ta zo da mota, ta ci abinci, ta koma ita kaɗai. Baba ya ce mata yana da lodi a hanya, ba zai bar shi ba. Ta kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Har yanzu tana zaton gem ɗin yake nufi.

Lahadi, 9 ga Yuni

Baba ya ƙirƙiro doka, ba wanda ya sa shi. Ba ya sauka matattakala sai da hedifon a kansa, a kunne, makirfo a gaban baki. Ya ce bai yarda da bakinsa ba tukuna. Haka yake zuwa shagon ƙasa sayen lemo, tsoho da farin gemu da baƙin hedifon na 'yan gem, yara suna binsa da kallo. Maigadi ya tambaye shi ko ya koma aikin jirgin sama ne. Maman 'Yan Biyu ta tare ni tana tambaya ko Baba ba shi da lafiya, ta ji kwana biyu muryarsa ta yi ƙasa. Na ce lafiyarsa lau.

Yana ƙorafin nauyi, yana ƙorafin gumi, jiya ya ce kunnuwansa sun dahu. Bai cire ba sai da ya rufe ƙofa. Malama ta hau benen nan yau tun daga ƙasa, ba wanda ya ce mata komai sai sannu da zuwa.

Da yamma yana tuƙi yana ba ni labarin wata gada da ya taɓa ketarawa da ruwa har taya. Na taɓa jin labarin, amma ban taɓa jin sa a zaune kusa da shi haka ba. Ni ba na iya ba shi amsa, sai dai in gyaɗa kai, kuma da alama hakan ya ishe mu.

Dogo ya turo saƙo, wai muryata ta koma tari, ina sabon hedifon? Na ce yana nan. Na ciro tsohon mai igiya, ɗazu ma ya jawo min kofi ƙasa. Ba wani abu ba ne, aro na ba Baba, zan karɓa in abubuwa sun daidaita.

Cajar dai na mayar da ita ɗakinsa. Soket ɗin can ya fi kyau.